Rantsuwar da Oumar Bai Yi Ba

Shekara takwas ƙanena Oumar ya yi a ƙasar Turawa, ya dawo Garwa hutun wata guda, gidanmu ya koma kamar ana biki. Inna ta yanka masa zakara biyu a rana ɗaya. Ni da nake kawo mata cefane kullum, rabon da a yanka mini ko tattabara tun aurena. Ba zan ɓoye ba, abin ya tsaya mini a rai.

Ni ne fa na fara koya masa baƙi. Ni na yi karatun Ingilishi a Yola, amma ga ni nan da tebur a gindin dalbejiya kusa da gidan waya, ina rubuta wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki. Shi da ko lissafi sai na riƙe masa hannu, yau shi ne mai agogo da turare.

Ranar Juma'a bayan mun ci tuwo ya fiddo wata takarda, ya ce idan ya koma za a ba shi takardun zama ɗan ƙasa, sai dai akwai rantsuwar da zai karanta. Inna na jin an ce rantsuwa ta gyara zama. A wurinta rantsuwa ba wasa ba ce, ko a ciniki ba ta yarda a yi ta a gabanta. Ta ce ni in karanta mata, tunda ni ne malamin gidan.

Idona ya faɗa kan wata kalma, abjure. Na san ta sarai. Ba ta hira ba ce, ta kotu ce da manyan takardu, kuma ma'anarta mutum ya rantse a gaban shaidu cewa ya barranta da wani abu, ya fita daga cikinsa. Da na tsaya nan, da na faɗi gaskiya. Amma na ƙara gishiri. Na ce ɗanta zai ɗaga hannu ya ce ba shi ba ƙasar da aka binne Baba, ba shi ba Garwa, ba shi ba duk wanda ke cikinta. Ina faɗa ina jin daɗi a raina.

Oumar ya yi ta bayani cewa maganar hukuma ce kawai, ba ta shafi uwa ko gida ba. Inna ba ta ko dube shi ba. Ta tashi ta yi alwala, ta ɗauko Alƙur'ani, ta sa shi shi ma ya yi alwala, ya dafa ya rantse ba zai taɓa karanta wannan takarda ba muddin yana raye. Ya kuwa rantse. Sannan ta shi mini albarka, ta ce da ba don ni ba da an raba ta da ɗanta.

Ran da zai tafi ni na raka shi tasha. Bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Sai da direba ya tayar da mota Oumar ya leƙo ta taga, ya kira ni Hamma, yadda muke ce wa yaya.

"Hamma, don kai na nemi takardun nan. A can sai ɗan ƙasa ake bari ya ɗauko ɗan'uwansa. Na riga na rubuta sunanka."

Na koma gindin dalbejiya, na tarar da wata tsohuwa tana jirana in rubuta wa ɗanta wasiƙa.