Lasin Attahiru

Da bakin muciya Inna Fatsuma ta turo takardar sammacin daga ƙarƙashin rumbu, inda ta sa ta kwana uku, don ta rantse ba za ta shigar mata ɗaki ba. Ɗanta Yusha'u ya sunkuya ya ɗauka, ya karkaɗe ƙasa, ya cusa a aljihu.

"Sunan wa anka rubuta ciki?" ta tambaye shi, alhali ta sani sarai.

"Inna, don Allah."

"Sunan wanda munka rufe bara waccan. Yanzu kai tahiya za ka yi gaban Nasara, a kira mamaci ka amsa. Ku bar min yaro shi kwanta hakanan."

Sunan Attahiru ne a takardar. Attahiru wansa ne, shi ya je Sakkwato ya ci jarrabawar tuƙi, Turawa suka ba shi lasin mai hoto. Yusha'u a hannunsa ya koya, har ya fi shi iya ratsa taɓo, amma bai taɓa zuwa jarrabawa ba. Da zazzaɓi ya ɗauke Attahiru cikin kwana uku, sai aka tarar da lasin a aljihun rigarsa, gumi ya cinye hoton, ba abin da ya saura sai kunnuwa biyu da hula. Kunnuwan kuwa na gidansu ne. Alhaji Yari mai motar ya duba, ya kau da kai, ya miƙa wa Yusha'u makulli. Tun ranar duk ɗan dokan da ya tare shi Attahiru yake kiransa, shi kuma ya amsa. Da fari gabansa kan faɗi, daga baya ya saba. Kafaɗarsa ta hagu ce kawai ta ɗauki wani sanyi da ba ya sakinta ko da bazara, ya ce wa kansa iskar taga ce, ko da yake tagarsa a dama take.

Daga wannan lasin gidan ke ci: Inna, da Hawwa matar marigayin, da 'ya'yanta mata biyu. Yau in Joji, Baturen shari'a, ya yarda ganganci ya yi, lasin ya tafi ke nan.

Ga yadda abin ya faru. Ranar Talata ya ɗauko shinkafa daga Goronyo zai kai Sakkwato, shi kaɗai a gaban mota, ƙasa jiƙe da ruwan jiya. Rana tsaka, dab da wata kwana da geza ta rufe, ya ji an ce "Yusha'u!" daidai kunnensa na hagu. Kowa ya sani tun yana yaro cewa in an kira ka a daji da tsakar rana ba ka ga mai kiran ba, ba a amsawa. Shi kuwa bakinsa ya riga shi. Ya ce na'am, ya danne birki, motar ta sulale a taɓo ta kwanta cikin gonar gero kamar raƙumin da ya gaji. Ya rarrafo ba ko ƙwarzane. Taku ashirin ya yi ya sha kwanar, sai ga kwalbati ruwa ya tafi da ita, rami ya hangame baki wanda zai haɗiye motar da shinkafarta.

Ɗan doka Mode bai iso kan kekensa ba sai washegari, lokacin leburori sun riga sun cike ramin da itace da ƙasa. Helumansu, wato shugabansu, don kada laifi ya faɗo kansa, ya ce hanya ba ta taɓa karyewa ba. Mode ya ga mota kwance, ya ga hanya lafiya lau, ya lashi fensir ya rubuta gudun ganganci, ya karɓe lasin. Zancen muryar kuwa Yusha'u bai gaya wa kowa ba, ko Inna.

Joji ya zo rangadi Wurno, an kafa masa tebur a rumfar bariki. Mutane na zaune a tabarmi, ba mai tari da ƙarfi. Masinja ya ɗaga takarda.

"Attahiru ɗan Abu!"

"Na'am," in ji Yusha'u. Sanyin kafaɗar ya gangaro masa har gwiwar hannu.

Mode ya karanta abin da ya rubuta, yana taɓa layi da yatsa. Sannan aka kira shaidar Yusha'u, Bube, wani dattijon makiyayi da Yusha'u ya sha wahala kafin ya samo rugarsa. Bube ya jingina sandarsa, ya tsuguna, ya ce kwalbati ta karye tun asubahin Talata, da idonsa ya gani, shanunsa ma ƙin haye wurin suka yi. Malam Zayyanu tafinta ya juya maganar. Joji ya dubi Mode ta saman tabarau, Mode ya dubi takalminsa. Yusha'u ya ji daɗi ya cika masa ƙirji, saura kaɗan ya yi dariya.

To amma Bube irin mutanen nan ne da in suka fara gaskiya ba su san inda ake tsayawa ba.

"Ai da ba don na kusa da shi ba, da yanzu wani zance a kai."

"Wane na kusa da shi?" in ji tafinta. "Shi ɗai na cikin motar."

"Su biyu nig gani. Wani mai jar dara, ta yage nan wajen kunne. Shi yak kira shi, har shanuna sunka ɗaga kai. Yac ce, Yusha'u."

Yusha'u ya san darar, hular Attahiru ce. Ƙofar motar ce ta yaga ta. Tana cikin kwallar Inna a ƙasan kaya, Inna kan ciro ta ta shinshina in ta zaci ba mai ganinta.

Tafinta ya juya maganar a hankali. Joji ya ɗaga lasin ya duba, ya tambaya waye Yusha'u. A cikin taron akwai mutanen Wurno da suka san Yusha'u tun yana tsirara, suka kuma bi gawar wansa, amma duk suka dukufa kallon saƙar tabarma. Joji ya yi murmushi, ya faɗi wani abu.

"Ya ce rana ta bugi tsoho," in ji Malam Zayyanu. "Amma ya yarda da zancen kwalbati. An kashe magana. A maida mishi lasinai."

Masinja ya karɓa da hannu biyu, ya juyo.

"Attahiru ɗan Abu!"

Yusha'u ya buɗe baki, sai ya tuna. A hanyar nan, cikin duk masu kiransa, mutum ɗaya ne ya kira shi da sunan da aka raɗa masa, kuma shi ne wanda Yusha'u ya yi shekara biyu yana hana shi kwanciya a kabarinsa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba ko ranar da ya fara amsawa.

"Attahiru ɗan Abu!"

Ya tuna tukunyar gidansu, da 'yan matan Hawwa. Hannunsa ya ɗan motsa, ya mayar da shi kan gwiwa.

"Kai, kurma kaz zama? Attahiru ɗan Abu!"

Ya kasa kunne ta hagu, yana tsoron ya ji an amsa. Ba a amsa ba. Kurciya kaɗai ke kuka a kan bariki.

"Ba shi amsawa, ranka shi daɗe," ya ce. "Ya rasu bara waccan. Ni na Yusha'u."

Tafinta ya sunkuyo, ya rage murya. "Ɗan Abu, ka san mi kaka hwaɗi? Ban juya ba tukuna."

"Juya mishi, Malam."

Malam Zayyanu ya gyara murya ya fuskanci tebur. Yusha'u ya ɗora tafinsa a kafaɗar hagu, ya ji ta da ɗumi.