Kaset Mai Juyawa Sau Ɗaya

Wata biyar ke nan da rasuwar baffana. A tsibirinmu kuwa, sai an fita makoki kafin dangi su kama sunan mamaci, ko su kalli hotonsa, ko su ji muryarsa, mu kuwa ba mu fita ba tukuna. To ga matsalar: waƙar kunkurun teku ta gidanmu shi kaɗai ya san ta har ƙarshe, kuma a kaset ɗin bidiyo ɗaya tak ta rage, shi ma damina ta sa ya yi fumfuna. Mai gyara a birnin Darwin ya ce sau ɗaya zai juya, in ma ya juya. Injin bidiyon na aro ne, jirgin ruwa na ƙarfe uku zai koma da shi.

Ni ke aiki a ɗakin rediyon gari, don haka a kaina abin ya faɗo. Inna Noreen, matar marigayin, ta zo da kofin shayinta ta zauna bakin ƙofa, ta ba injin baya.

Na jona ɗan akwatin da ke kwashe hoto zuwa kwamfuta: waya rawaya ta hoto, fara da ja na sauti. Na gwada da kaset ɗin ƙwallo, hoto tas, layin kore na sauti yana motsi a allon kwamfutar. Na ce shi ke nan. Na kashe lasifika, na rufe allon da tawul, na bar kusurwar da layin yake.

"Delvene, kin tabbata?" in ji Inna.

"Haba Inna, aikina ne fa."

"Haka kika ce ranar da kika ƙona mana kifi."

Na tura kaset. Injin ya yi ƙara kamar zai tofo shi, sannan ya kama.

Can wani kare ya leƙo, Inna ta daka masa tsawa: "Kai, fice!" Layin kore ya yi tsalle har ja.

Wayyo ni! Ashe kwamfutar ɗakin take saurara, ba kaset ba. Fanka da numfashina nake ta ɗauka, ga zaren kaset yana tafiya, ba damar tsayar da shi. Na ɗaga gefen tawul, na kare hoton da tafin hannu, na sauya mashigar sauti zuwa akwatin. Layin ya ci gaba da motsi. Amma muryarsa ce, ko shuuu ɗin lalataccen zare? Ido ba zai faɗa ba, sai kunne.

Na ɗauki abin sawa a kunne na tsaya da shi a hannu. Wallahi tsoro nake ji.

"Ajiye," in ji Inna. "Ke yarinya ce, bakin mutane zai cinye ki."

"In ba a ji ba, Inna, waƙar na iya tafiya."

Ta dangwarar da kofin, ta taso da baya da baya har ta iso teburin, ta miƙo hannu.

"Inna, ke ce ma aka fi hanawa!"

"Na sani. Ba ni."

Ta sa a kunne. Na zuba wa fuskarta ido. Sai na ga leɓenta ya fara motsi.

"Shi ne?"

"Ya riga masu buga sandunan kiɗa farawa," ta ce. "Kullum haka yake, ba ya jira."

Ta danne abin a kunnuwanta da hannu biyu, ta ce in fita in ja mata ƙofa.