Bangon Daudu

A Kazaure in ka ce Daudu kafinta, ba wanda zai tambaye ka wane Daudu. Shagonsa ginin ƙasa ne a bayan kasuwa, ɗaki ɗaya mai ƙofar kwano, ciki kullum ƙanshin katako. Asalinsa ɗan makiyaya ne daga wajen Gwiwa. Annoba ta share shanun ubansa yana saurayi, ya shigo gari ba shi da ko sanda, wani Joseph mutumin kudu ya ɗauke shi ya koya masa aiki tun kafin Turawa su sauke tutarsu. Da Joseph ya tashi komawa garinsu ya bar masa zarto da guduma da 'yan tarkace, shi kuma ya kwaɓa ƙasa ya gina shagonsa.

Tun bangon na ɗanye ya yanko rassan ƙirya, ya sassaƙa turaku ya kakkafa a ciki, ƙasa ta bushe ta riƙe su gam. A kansu yake rataye kayan aiki. Babu turaku biyu da suka yi kama, ba kuma don wata gwaninta ba, reshen da ya samu ke nan. Na zarto mai baki biyu ne, na gizago kauri gare shi, na magagari yana da wani ƙulli a gindi, na cizal siriri ne ya ɗan karkace sama. Shekara da shekaru hannu na goga su har suka yi santsi.

Wannan bango shi ya rufa masa asiri da cutar yana ta fara cin idonsa. Da farko kamar hayaƙi, daga baya sai ya zama haske da inuwa kawai yake rarrabewa. Mutane ya koma gane su da murya. Amma aiki bai tsaya ba, don yana da 'yan sandunan awo da ya yanka tun da daɗewa, na benci daban, na taga daban, na akwatin amarya daban. Bango kuwa ko juyawa ba ya yi, hannu zai miƙa baya ya shafa turke ya san abin da ke kai. Matarsa Tasalla kaɗai ta sani, ita kuma ta san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wa zai kai katakonsa wurin makahon kafinta? Ranar da maganar ta fita, ranar shago ya mutu, su biyun sun san haka.

To, akwai Lauwali, ɗansu na fari. Kun dai san yadda ake yi da ɗan fari a gidan da ba a yar da al'ada ba, balle gidan da aka fito daga ruga. Daudu bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa ba, bai taɓa kallonsa ido da ido ba. In ya shigo gaisuwa sai uban ya kawar da kai gefe ya amsa a taƙaice. Tasalla ta ma fi shi, ita in ta ji tafiyarsa ɗaki take shigewa. Ana yaye shi aka kai shi wurin kakarsa Inno, ita ta raine shi, ita ce kuma bakin da ke tsakaninsu. Duk abin da uba ke son faɗa wa ɗa, Inno zai gaya wa. Sai Inno ta rasu, aka bar mutum uku masu ƙaunar juna ba mai iya ce wa wani uffan.

Lauwali ya yi boko, ya zama akawu a Kano. Shekarun nan ne da kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowa ya haukace da siminti da kwano da rediyo, abin da duk aka yi da hannu ya zama na ƙauye. A wani babban kanti ya ga allon ƙarfe mai huji-huji, fenti ja, da ƙugiyoyi masu walƙiya da ake saƙalawa a rataye kayan aiki. Ya tuna bangon ubansa mai itatuwa tsuru-tsuru, tausayi ya kama shi. Wallahi da zuciya ɗaya ya saya, kada wani ya zage shi.

Ya zo Kazaure ya tarar Daudu ya tafi ta'aziyya Gwiwa, zai kwana biyu. Faɗuwa ta zo daidai da zama, in ji shi. Ya ɗauko magini, aka tumɓuke turakun ɗaya bayan ɗaya, aka shafe bangon da siminti, aka ɗaure allon. Tasalla na gida labari ya iske ta. Ta yafa gyale ta fito da sauri har ta kai bakin shago, ta hango Lauwali tsaye ya naɗe hannun riga yana nuna wa magini inda zai gyara. Ta ja da baya. Me za ta ce, da wane baki? Ta tsaya bayan katangar maƙwabta tana jin ƙarar guduma, hawaye na zuba, daga nan ta juya gida. Turakun kuwa wata mai ƙosai ta roƙa aka ba ta, ƙirya ai akwai riƙe wuta.

Da Daudu ya dawo, Lauwali ya riga ya koma Kano. Ya buɗe shago, ya miƙa hannu baya kamar kullum, yatsunsa suka bugi ƙarfe mai sanyi. Kafin ya gane abin da ya faru maƙwabta sun cika ƙofa.

"Malam Daudu, barka da arziki!" in ji Mamuda mai ɗinki. "Kai, ka haifu! Ko a Kano ba kowane shago ke da irin wannan ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Daudu. "Allah ya yi wa wanda ya kawo albarka."

Da yamma ya ce wa Tasalla, "Kina ina aka yi wannan?"

"Ina nan, Malam."

"Ba ki hana ba?"

"Da kai ne a wurin, za ka iya?"

Ya san amsar.

Wani zai ce to ya cire allon mana, ya sake kafa turakunsa. Ina! Kyautar ɗan fari, wadda duk kasuwa ta zo ta gani ta sa albarka? Ai gobe za a ce uba ya watsa wa ɗansa ƙasa a ido. Ga shi kuma siminti ba ya karɓar turke. Sai ya zauna koyon allon kamar sabon shiga. Tir da wannan allo! Ƙugiyoyin duk uwa ɗaya uba ɗaya, ka shafa wannan ka shafa waccan ba bambanci. In ya ja zarto sai ƙugiyar ta biyo shi ta faɗi ƙasa, ya durƙusa yana lalube cikin ɓawon katako, in ya samo ta kuma ya rasa hujin da ta fito. Ya gwada ɗaura tsumma a wasu don shaida, Mamuda ya leƙo ya kwance su, wai kada a ɓata wa abu mai tsada kyau. Ya gwada sauke kayan ya jera kan teburi, mutane suka fara tambaya ko allon bai yi masa ba ne. Ya mayar.

Ana cikin haka gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, aka shiga neman bencina ido rufe. Wani hedimasta mai suna Toma, mutumin tsakiyar ƙasa da ke koyarwa a wani ƙauye a ƙasar Roni, ya zo takanas wurin Daudu, don teburin da ke ɗakinsa aikin Daudu ne. Aiki ne da zai riƙe shagon har wata damina.

"Baba Daudu," in ji shi, "ga samfurin katakon da aka ba mu. Ɗan yanka min nan in ga cikinsa, ina tsoron gara ta shige shi."

Daudu ya tashi ya nufi allon. Ya shafa, ya kama filaya, ya saki. Ya shafa gaba, ya damƙi zarto ta wajen haƙora. Da ya fizge hannu sai gwiwar hannunsa ta bugi cizal, ya faɗo ya tsaya cak a ƙasa dab da ɗan yatsan ƙafarsa, shi kuwa bai ko duba ba. Ya tsaya jini na ɗiga daga tafinsa yana murmushi, fuskarsa na kallon inda Toma ba ya nan.

Toma mutumin kirki ne. Ya ciro hankici ya ɗaure masa hannu, ya ce, "Sannu Baba. Bar shi kawai, zan dawo in an gama shawara." Ya ɗauki katakonsa ya fita a hankali. Bai gaya wa kowa ba, amma ƙofar shago a buɗe take, kasuwa kuwa idanu gare ta. Aka kai bencinan wani wuri. Wani da ya kawo aikin taga ya aiko aka karɓi katakonsa, wai ya fasa ginin. Masu akwatin amarya suka koma sayen na ƙarfe. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Duk da haka kullum sai ya buɗe shago ya share, ya zauna kan benci yana sauraron ƙafafun da ke wucewa. Baƙin ciki ya cinye shi, ya rame, tuwo ma sai Tasalla ta matsa.

Ranar wata Asabar da la'asar ya ji babur ya tsaya a ƙofa, sabo fil daga jin kukansa. Mai sabon babur ai ma'aikaci ne, baƙo ne kuma, watakila labari bai kai masa ba. Inuwar mutum ta tare hasken ƙofa. Ƙarar injin ba ta gama mutuwa ba, sallamar mutumin ta ɓace a cikinta, Daudu kuwa ya riga ya miƙe. Ya washe baki, ya tsura wa inuwar ido sosai yadda za a ce yana gani, ya miƙa hannu biyu.

"Maraba, maraba! Shigo ranka ya daɗe, ga wuri zauna. Sannu da hanya. Me za a yi maka, ƙofa ce ko kujera?"

Mutumin bai ce komai ba. Daudu ya ji shirun, ya ce shi ke nan, wannan ma an gaya masa. Sai abin da ya daɗe yana dannewa ya ɓalle.

"Don Allah kada ka bi ta maganar mutane. Ido ne ya tafi, ban musa ba, ya daɗe da tafiya. Amma hannu na nan, wallahi yana nan. Da wannan idon na yi rabin ƙofofin unguwar nan ba wanda ya sani. Bangona ne aka ɗauke min. Ka ga wancan jan abin? Wani yaro ne a gidanmu ya sayo min, yaron kirki, ba shi da laifi, so yake ya faranta min. Shi ya gama da ni, bai sani ba, ni kuma ba ni da bakin gaya masa. Ka ba ni aikin ko ɗan ƙarami ne, in bai yi ba ka ƙona."

Ya ji mutumin ya cire takalmi. Ya ji ya tsuguna har ƙasa. Mai kawo aiki ba ya cire wa kafinta takalmi.

"Baba," in ji Lauwali, "barka da yamma."

Hannuwan Daudu na nan a miƙe. Ya janye su a hankali, ya laluba benci ya zauna, ya juya fuskarsa wajen bango.

"Lafiya lau," in ji shi. "An zo lafiya?"