Injin Mai Zarto

"Sake ja," na ce masa.

Akawu ya taka injin da ƙafa ya fizgi igiyar. Ta biyo hannunsa salalam, ba wata turjiya. Ban yi boko ba, amma a babbar mota na yi furfura, na san inji mai numfashi da wanda numfashinsa ya tsiyaye.

Injin yankan itacen mahaifinsa ne, maƙwabcina Mai Zarto, wanda ke kwance a ɗakin da ke bayanmu. Ciwon ƙirji ya cinye shi har likita ya ce a mai da shi gida. Akawu babban ɗansa ne, da gemunsa da iyalinsa, aikin ofis yake a wani gari, jin labarin ciwon ne ya kawo shi. Wani reshen bishiyar tsakar gida ke gogar kwanon ɗakin yana hana tsohon barci, shi ne Akawu ya ɗauko injin da safe don ya yi abin kirki. Injin ya tashi, ya ɗan ci itace, sai ya shaƙe ya yi tsit.

"Wane mai ka zuba masa?"

"Fetur mana, Baba Direba. Na janareta."

"Ka gauraya da baƙin mai?"

Ya saki igiyar. "Ana gaurayawa ne?"

Na yi salati a zuci. Irin wannan inji ba shi da wurin baƙin mai daban, a cikin fetur ake haɗa masa. In ka ba shi zalla, ƙarfe ne zai ci ƙarfe.

Duk da haka na bi abin a hankali, ko Allah zai sa in yi kuskure. Na cire fulogi, wuta lafiya lau. Na kwance salansa, wato mafitar hayaƙi, na karkata injin ga rana, na leƙa ta ramin. Fistan ɗin duk ya kakkarce kamar kyanwa ta yi faɗa da shi, zoben da ke jikinsa kuwa ya narke ya manne.

"Zai gyaru?"

"Ba yau ba," na ce.

Ya zauna dirshan a ƙasa. Na san abin da ke cin sa, ba ƙarfen ba ne. Mai Zarto mutumin kirki ne, amma a kan injin nan ba shi da ɗan'uwa. Ƙaninsa ciki ɗaya ya taɓa aron sa ya dawo da sarƙar a dakushe. Har ƙanin ya koma ga Allah, gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Shi kuwa Akawu, tun da ya ƙi gadon sana'ar, tsakaninsa da uban sai sama-sama.

"Baba Direba," ya ce, "kada ya tafi yana fushi da ni."

Kafin in ba shi amsa, uwargidan Mai Zarto ta ɗaga labule. "Yana kiranku. Wai ku shigo masa da injin."

Ɗakin ya yi zafi, kwalaben magani jere a kan kujera, an jingina tsohon da matasai. Ya rame har agogonsa na yawo a hannu. Amma idon nan yana nan.

"Direba, me ka gani?"

Ni ƙarya ba baƙuwata ba ce, na ci abinci da ita a hanya. "Fulogi ne ya yi baƙi. Gobe in sayo sabo."

Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Uwargida ta tallabe shi har ya lafa.

"Da wannan ƙaryar ka auri mata? Ina jin jan igiyar daga nan. Fulogi ba ya sa igiya ta yi laushi." Ya miƙo tafin hannu. "Karkato mini tankin."

Na dubi Akawu. Ya sunkuyar da kai. Ba yadda zan yi, na buɗe murfin na ɗiga wa tsohon kaɗan. Ya murza da yatsu, ya jira. Man da aka gauraya yakan bar maiƙo. Wannan nan take ya bushe, fatar ta yi fari fat.

Reshen nan na ta gogar kwano.

Akawu ya durƙusa. "Baba, ni ne na..."

"Yi mini shiru, manya na magana." Bai ko dube shi ba, ni yake kallo. "Ka ga tsufa, Direba? Tun kafin in kwanta na cika tankin nan, na ce zan haɗa, na manta. Da hannuna na kashe abina."

Mutumin da bai taɓa barin mai ya kwana a tanki ba! Ƙarya ce, kuma ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba.

"Haka ne," na ce. "Dama kai tun kana saurayi ba ka da kai."

"Ɗan banza." Ya lumshe ido. Can ya ce, "Akawu, ina ka fara saran reshen, sama ko ƙasa?"

"Ƙasa, Baba. Kamar yadda nake ganin kana yi."

"Ashe kana kallo." Ya lalubo kan Akawu da hannun nan ya dafa. "Allah ya yi maka albarka. Fitar mini da injin nan, wari yake."

Bayan la'asar ina alwala na ji kukan uwargida ta katanga. Na shiga ko takalmi babu. An riga an ja wa Mai Zarto mayafi. Akawu na zaune a ƙasa gefen gado, ya kifa goshinsa a tafin hannun uban, ba ya ko motsi.

Warin fetur, warin da Mai Zarto ya saba dawowa gida da shi, bai bar ɗakin ba. Uwargida ta miƙe za ta buɗe taga. Ta kai hannu ga sakatar, ta tsaya, sai ta dawo ta zauna.