Jan Fure

Sailuba ta gatsa rake, ta tsotse, ta tofar. Barira ta tsaya tana kallon tuƙar da 'yarta ta zubar a tsakar gida. Duk jini ya rina ta.

Shekarun yarinyar goma sha huɗu. Ita ma Barira a daidai waɗannan shekarun dasashinta ya fara zubar da jini. Yanzu tana da talatin da biyar, haƙora tara suka rage mata.

*

Likitan haƙori ya daɗe yana duba bakin Sailuba, sannan ya roƙi Barira ta sauke mayafin da take rufe nata bakin.

"Mahaifiyarki fa?"

"Ba ta da ko ɗaya."

"Ciwon dasashi ne, akwai gidajen da ya fi kamawa," in ji shi a hankali. "In ana kawo ta wanki duk wata, za mu iya tsirar da haƙoranta. Ki kawo sauran yaran dangi ma."

Ya miƙa mata kati.

*

Daga asibiti suka wuce unguwar Limancin Kona, gidan su Barira. Suka tarar da Iya, mahaifiyarta, tana goga goro a magogi, don ta daɗe da daina tauna shi. Ta saurari bayanin har ƙarshe, ta karɓi katin, ta jujjuya shi.

"Duk wata? A kan idon mutane? 'Yan mata bakwai ne a gidan nan ba su yi aure ba. So kike a ce zuri'ar kakanmu Bahago gadon ruɓewar baki suke yi?"

"Iya, haƙoranta ne fa."

"Ni da ba ni da su, mutuwa na yi?"

Ta cusa katin ƙarƙashin katifa, ta kwance bakin zanenta ta ɗebo furen taba.

"Matso, ƙawata, in yi miki kwalliyar gidanmu."

Ta ba jikar tata goro ta tauna, ta shiga goge mata haƙora da furen har suka yi jawur. Barira ta tuna ranar da aka zaunar da ita a kan wannan tabarmar. A lokacin ta ɗauka ado ne kawai.

Sailuba ta leƙa madubi, ta juyo tana murmushi.

"Umma, ya yi kyau?"

Barira ta duba da kyau. Ba ta iya bambance fure da jini ba.

"Ya yi," in ji ta, ta ja mayafi ta rufe bakinta.