Gimbiya Auta da Mazajenta Goma Sha Huɗu

Ni ce na aurar da Gimbiya Auta sau goma sha uku, kuma ko sau ɗaya ba ta ce mini uffan ba, tunda ko kabarinta ba wanda ya san inda yake. A shagon ɗab'i nake aiki. Kujerata tana tsakanin injin buga takarda da kwandon shara, nan nake tsara katin aure da kalanda, sai kuma abin da Oga ke kira bishiyar asali. Mutum zai yi ritaya ko ya samu abin duniya, sai ya ga kakansa mai sayar da gawayi bai dace da sababbin kujerun falonsa ba, ya zo mu canza masa kaka.

Aikin ba wuya. Kowane mutum akwati guda, aure layi biyu a kwance, haihuwa layi ɗaya a tsaye. Mai jinin sarauta a zagaye akwatinsa da ruwan zinare. Muna da wani tsohon littafi mai warin kyankyaso, na gidan sarautar da ta rushe tun kafin a haife ni. Kowa a ciki an rubuta aurensa da mutuwarsa, ban da autar sarki na ƙarshe. Ita layi ɗaya ne a ƙarƙashin sunanta: ba a san ƙarshenta ba. To, wannan layin ne gonarmu. Duk wanda ya zo neman asali, sai in ja layi biyu daga akwatin baiwar Allah in manna mata ubansa ko kakansa. Ta auri mahauci, ta auri direban tifa, ta auri wani da ko ɗansa bai tabbatar da sunansa ba. Tir da wannan sana'a, amma ita nake ci.

Yayana kuwa, tun da ya bar ofishin ruwa, cutar asalin nan ta kama shi ta wata hanyar. Shi da abokansa uku sukan baje manyan takardu a barandar gidansa, suna ɗaura wa matattu aure. Da a ce sarki na bakwai ya auri ’yar sarkin gabas, wa zai gaji kujera? Da a ce yarima gurgu bai mutu yana yaro ba fa? Har jijiyar wuya suke tayarwa. Na taɓa ganin Yaya ya yi kwana huɗu ba ya gaisawa da amininsa saboda ya aurar da wata sarauniya ba da shawararsa ba. Dattawa da furfura, wallahi! Na ɗauka wasan tsufa ne, ya fi zaman gulma.

Ran nan sai ga shi a shago da takarda a naɗe. Babban ɗansa ya samu yarinya, iyayenta manyan mutane ne, za su zo ganin gida ranar Asabar.

"Ƙanwata, wannan nake so ki buga mini, a sa a gilashi."

Na warware. Ga Baba, kafinta, Allah ya jiƙansa, a akwatinsa. Ga layi biyu sun fita daga gefensa. Na bi su da yatsa, sai suka kai ni wurin Gimbiya Auta.

"Yaya, ina Inna?"

"Yi a hankali mana, mutane na ji."

"Su ji. Na ce ina Inna?"

"Ba wanda ya taɓa Inna. Tana ɗakinta, tana ci tana sha. Takarda ce kawai."

"Matar da ta yi shekara talatin tana wankau don ka yi karatu? Har yau yatsunta ba sa miƙewa. Ba ka ji kunya ba?"

Ya gyara tabarau, ya yi mini irin muryar da yake yi wa masu ƙorafin famfo. Wai na san halin mutanen yanzu, asali suke dubawa kafin hali. Wai yaron nan ya rame a kan yarinyar, ni gwaggonsa ce, in na ƙi, ni na ɓata masa. Wai Inna ba ta iya karatu ba, ba abin da za ta gani sai ado a bango, kuma baƙi na tafiya zai sauke. Ya ƙara da cewa shekarun sun yi daidai, ya lissafa sau uku. Abin da ya dame shi ke nan, kada shekaru su saɓa.

Na zage shi a raina, na yi tsaki har Oga ya leƙo. Sannan na ja kujera na buga. Ba zan ɓoye ba, akwatina yana nan kusa da nasa, layi ɗaya ya sauko mana daga gimbiya. Na zagaye shi da ruwan zinare kamar yadda ƙa'ida ta ce, na tsaya ina kallo, har na ɗan ƙara wa sunana girma.

Ranar Asabar da azahar aka rataye abin a falo, saitin ƙofa, yadda ko makaho zai yi karo da shi. Matar Yaya ta fito da kofunan da ba a taɓa sha da su ba. Inna tana ɗakinta na baya, kusa da tankin ruwa. An ce mata ta huta, ƙafarta na ciwo.

Sai ga baƙi sun shigo. Uban yarinyar, wanda kowa ke kira Darakta, na san shi. Bara ya zo shagonmu. Ubansa shi ne mijin gimbiya na tara, ni na ɗaura. Shi bai gane ni ba, irinsu ba sa kallon fuskar mai buga musu takarda.

Aka gaisa, aka zauna. Yaya ya yi ta gyaran murya yana satar kallon bango har Darakta ya tashi ya isa gaban gilashin, hannu a baya. Yana bi yana gyaɗa kai, sai na ga ƙeyarsa ta sandare. Ya juyo ya dubi Yaya.

"Gimbiya Auta mahaifiyarka ce?"

"Allah ya jiƙanta," in ji Yaya, ko ƙifta ido bai yi ba.

"Ikon Allah. Ai ni ma ita ta haife ni."

Na ce a raina, alhamdu lillahi, yau asiri ya tonu, kowa ya huta. Kowannensu ya san ɗan'uwansa ƙarya yake yi, tunda ya san tasa. Ina jira a fara tonon silili.

Ina! Sai Darakta ya buɗe hannuwa.

"Ashe ƙanena ne!"

Suka rungume juna, tumbi ya daki tumbi. Yaya har da goge ido. Nan take aka kawo biro da takarda, suka duƙa a kan tebur suna sasantawa: ta fara auren uban Darakta, suka rabu bayan shekara biyar, sannan ta auri Baba. Yaya ya nemi a rage zuwa huɗu don shekarunsa su shiga, Darakta ya ce ba komai, ai duk gida ne. Kamar masu cinikin akuya. Matansu suna ta "ikon Allah, jini ba ya ɓuya", ɗaya har tana cewa tun a ƙofa ta ga hancinsu iri ɗaya. Na rasa inda zan tofar da yawu.

Ana cikin haka Inna ta turo labule da tire. Ba ta iya zama baƙi suna gida ba ta kawo musu ko ruwa ba, haka take tun muna yara. Ta sa mayafinta mai kyau.

Matar Darakta ta dube ta sama da ƙasa. "Wannan fa?"

Na kalli Yaya. Wallahi har lokacin ina sa ran zai tuna cikin da ya fito.

"Ita ta rene mu," ya ce. "Tun muna ƙanana take gidanmu. Mun riƙe ta."

"Allah sarki, kun kyauta. Irinsu masu amana sun yi wuya yanzu. Tsohuwa, ungo kofin nan, a ɗauraye mini."

Inna ta ajiye tiren, ta karɓi kofin da hannu biyu. Ba ta kalli Yaya ba. Ni ta kalla, ni kuma na sunkuyar da kai ina gyara zanen kujera. Bakina da ke yanka mutane a shago, ranar ko motsi bai yi ba.

An sa ranar aure kafin la'asar. Yaya ya fita raka sabon yayansa har bakin mota, ana jiyo dariyarsu daga titi. Na shiga falo in tattara kaya, na tarar da Inna tsaye gaban gilashin, ta ɗaga kai.

"An ce ke kika yi wannan."

"Ni ce, Inna."

"Karanta mini."

Na ce ta zauna tukuna, ƙafarta. Ta ce in karanta. Na fara daga sama, sarki na fari, matansa, ’ya’yansa. Akwati arba'in da ɗaya ne, na karanta su ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan Baba ta ce, "Allah ya jiƙan malam." Na faɗi gimbiya, na faɗi Yaya, na faɗi ’ya’yansa. Na tsaya nan.

"Ci gaba mana."

"Ya ƙare."

"Ko a gefe ba a sa mai reno ba?"

Ta matsa kusa, ta ɗora karkataccen yatsanta a kan gilashin.

"Ke kina ciki?"

"Ina ciki."

"Nuna mini."

Na nuna. Ta bi layin da ya tashi daga akwatina, a hankali, har ya kai ta inda ya kai ta. Ta daɗe a wurin. Sannan ta sa bakin mayafinta ta goge inda yatsanta ya taɓa.

"Inna, don Allah ki saurare ni."

Ta ɗan rusuna mini, yadda take yi wa matan da take yi wa wanki a da.

"Ranki ya daɗe, a ba ni hanya in kwashe kofuna."