Dariyar Bushiya

Yayana ne ya ƙera Bushiya da laka, ya yi mata ƙayoyi da tsinken sakace. Fim yake haɗawa da ita: ya ɗan motsa ta, ya ɗauki hoto, ya sake motsawa, har hotunan su haɗu ka ga tana tafiya. Amma sai an ɗauki murya kafin ya taɓa bakinta, don kowane sauti da irin leɓen da yake liƙa mata. Ga bakunan nan jere a faranti kamar maɓallai.

Kuma ni ya zaɓa in yi muryar! Ni da ko a aji sai an ce in ɗaga murya. Ranar murna ta hana ni cin abinci.

A cikin kwabar kayan Baba ya zaunar da ni, wai tufafi suna shanye amsa-kuwwa. Ya bar ƙofar a ɗan buɗe, ya nuna min wata jar fitila a jikin na'urar ɗaukar murya.

"In ta kama, ko tari ba a yi."

Maganganun duk na zuba su tiryan-tiryan, karatu ai gidana ne. Saura dariyar da Bushiya za ta yi a ƙarshe.

"Hi hi hi," na ce.

"Malama, wannan dariya ce ko shaƙuwa? Sauke hannunki daga baki, makirufo yana jin sa."

"Yaya, haka nake dariya."

"Ƙarya kike. Ɗaki ɗaya muka tashi."

Gaskiyarsa. Dariyata ta ainihi tana ƙarewa da wani gurnani ta hanci, shi ya sa nake danne ta a gaban mutane. Muka yi ta maimaitawa har gumi ya jiƙa min wuya.

"Gobe zan fara bakunan," ya ce a hankali. "In babu dariya, dole in kira 'yar Gwaggo ta sake komai daga farko."

Bushiyata a bakin wannan mai surutun?

Ya kunna jar fitila, ya ja da baya yana kallona, ya zauna daɓas a kujera. Ya manta a nan ya ajiye tsohuwar Bushiya ta gwaji.

Ya zabura sama! Bakinsa ya buɗe zai kurma ihu, sai idonsa ya faɗa kan fitilar. Ya haɗiye ihun. Ƙato guda yana tsalle da ƙafa ɗaya, shiru kamar kurma, Bushiya maƙale a wandonsa tana lilo.

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba. Na yi ta ƙyaƙyatawa har na rungume rigar Baba, gurnanin ya fito, ya sake fitowa.

Ya kashe fitilar, sannan ya ce, "Wayyo Allah!"

Da ya kunna min abin da aka ɗauka, na rufe fuska.

"Kowa zai ji wannan abin, Yaya."

"Kowa. Muryarki ce, in kin ce a goge, a goge." Yatsansa na kan madannin.

Na dubi Bushiya a kan tebur, ba baki a fuskarta, tana jira.

"Bar shi," na ce. "Amma hancinta ya yi ƙanƙanta da wannan gurnanin."

Ya gutsuro laka ya miƙo min. A tsaye ya yi sauran aikin ranar.